Duwatsu a Gonar Hansai

Zambiya,
9 ga Disamba, 1973.

Zuwa ga taubashiyata Hansai, gidan Kawu Gwadabe, Gafasa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yan matanki Lami da Kadijatu. Ki gaishe min da Kawu da mutanen gida kaf. Ni lafiyata lau, sai dai tuwon masarar ƙasar nan da ya ƙi karɓata har yau.

Labarin fari ya iso mu har nan. Na ji an ce bana ko irin da aka zuba ba a mayar ba. Na tuna da ke ƙwarai, ga rashin maigidanki, ga yara, ga gonar nan guda ɗaya ta bakin hanya da mahaifinki ya bar miki. Allah ya kawo damina mai albarka.

Kin aiko ana tambayata wai aikin me nake yi, ko har yanzu wankin kuza ne irin na Bukuru. To uwargijiyata, bawanki ya ci gaba. Nan jan ƙarfe ake haƙowa, daga rami mai zurfin da in kin leƙa sai jiri ya ɗebe ki. Amma ba duk dutsen da aka fito da shi ne mai amfani ba, yawancinsa banza ne. Da can mutane ke tsayawa suna tsincewa da hannu, kamar yadda kuke tsintar gyaɗa a faifai. Yanzu an kawo wani inji na gwaji, ni nake kula da shi. Ana fasa duwatsu su koma kamar dunƙulen hannu, a wanke su, su jeru a kan wani bel mai juyawa suna gudu. Sai su wuce gaban wata fitila mai haske, ga wani ido na gilashi yana kallon launin kowanne. Da ya ga mai jan ƙarfe, sai wani ɗan bututu ya huro iska, fit, ya ture shi gefe. Na banzan ya wuce bola. Kin ga ke nan ba a ɓata ruwa da wuta wajen niƙa dutsen da ba komai a cikinsa. Wallahi Hansai, idon nan ya fi naki gani, ke da kike barin tsakuwa a cikin wake.

Ga wani ɗan koren dutse nan na ƙunso miki tsaraba, irin wanda injin ke so ke nan. Ki ba yara su yi wasa da shi.

Tunda gonar taki ta ƙi ba da gero, sai ki tara min duwatsu a cikinta. In na dawo zan ɗauro injina a ka, mu tace, in mai da ke hajiya mai haƙorin Makka, ki daina yi min kallon raini.

Naki bawa,
Barau.

*

Gafasa,
17 ga Fabrairu, 1974.

Zuwa ga Barau.

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Kadijatu ta yi zazzaɓi ta warke. Gaisuwa ta ƙare nan, don yau ba ni da bakin wasa.

Kai Barau, ka kashe ni. Ka manta yadda ake yi da wasiƙa a gidan nan? Tun yaushe takarda mai kan sarki na wata ƙasa ke isa hannun mace a rufe? Wanda ya karɓo ta daga Gaya ranar kasuwa hannun Bappa Gwadabe ya kai ta, kawun naka. Shi kuwa ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kira Malam Inuwa na firamare ya karanta wa jama'a. Ni da na yi yaƙi da jahilci na iya karatuna, ina bayan ƙofa ina saurare kamar baƙuwa.

Ka san Malam Inuwa. Ko labarin dariya ya karanta sai ka ce sanarwar haraji ce. Ya zo kan maganar nan taka ta in tara duwatsu, ya karanta ta da murya ɗaya, ba murmushi ba komai. Ni na yi dariya daga ciki. A zaure ba wanda ya yi. Sai na ji Bappa ya ce, "Maimaita min wurin nan." Aka maimaita. Ya ce, "A gonarta ya ce?" Malam Inuwa ya ce, "Haka aka rubuta."

Ga abin da ya ƙarasa ɓata lamarin. Saboda farin nan ana ta ƙara wa rijiyoyi zurfi, masu haƙa kuwa suna fito da wasu duwatsu masu ɗan kore-kore daga ƙasa. Bappa ya ɗora ɗaya a tafin hannunsa kusa da naka, ya zagaya da su yana cewa, "Ku duba da kyau, ba uwa ɗaya ta haife su ba?" Koren dutsen da ka ce in ba yara, ko taɓa shi ban yi ba. Yana aljihun Bappa, an naɗe shi a ƙyalle kamar laya.

Kashegari na je gona na tarar da tsibi uku. Yau ban san adadinsu ba. Kowane gida ya kafa sanda da tsumma a kan nasa don kada a gauraya. Ba koren kaɗai ba, har marmara, har tsakuwa, wani ma tsohon dutsen niƙan matarsa ya kawo. Mutanen da ba su da abin kaiwa baki suna kwana suna tashi da jidar dutse, suna cewa Barau na nan tafe da inji.

Na ce wa Bappa, "Wasan taubasai ne fa, ni da shi haka muke tun muna yara." Ya ce, "Wasa a takarda? Mutum ya sayi kan sarki don ya yi wasa? Ke dai baƙin ciki kike yi, arziki ya zo ta gonarki."

Barau, irin geron da na ɓoye tiya ce 'yar kaɗan, na hana yara ci suna kuka. Gonar nan ita ce abincinmu na baɗi, ba mu da wata. In ruwa ya sauka duwatsun nan suna kai, mun shiga uku. Ka rubuto wa kawunka yanzu yanzu, da sunansa, ka gaya masa gaskiya da Hausar da ko jaki zai gane.

Hansai.

*

Gafasa,
20 ga Afrilu, 1974.

Barau,

Sallama. Muna nan da rai. Ban san ko kana lafiya ba, tunda ka ga dama ka yi shiru.

Kowace ranar kasuwa sai na tare mai zuwa Gaya, ya ce babu. Ko ka faɗa ramin naku ne? In kana raye, to ka sani shirunka ma fassara shi ake yi. Bappa cewa yake ba ka rubuto ba ne don kana hanya, wai inji a jirgin ruwa yake zuwa, shi ya sa ake daɗewa.

Magana ta wuce Gafasa. Jiya mutane daga Balan suka zo da jakuna, mangala cike. Na tsaya a bakin gona da fartanya na ce wanda ya zuba a nan sai dai ya bi ta kaina. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Baiwar Allah, maigidanku ne ya ba mu izini." Na ce, "Ya ba ku izinin gonarsa, tana can bayan kuka, fili fetal." Suka tsaya suna kallon juna. Sai ga Bappa da sandarsa, ya ce in wuce gida kafin ya saɓa min a gaban baƙi. Ban wuce ba. Suka zagaya ta bayana suka zuba.

Ka ji ko? Tasa gonar ya share ta tas, ya kai taki, har ya fara binne. Duk masu tsibin nan kowa ya gyara tasa. Tawa ce kaɗai ta zama wurin ajiya, don wasiƙa ta ce gonar Hansai.

Na je wurin dagaci, ya ce maganar gida ce, a koma gida. Gidan kuwa shi ne Bappa.

Gabas ta fara haɗa gira da yamma. Ina jin haushinka, Barau, haushi mai tsanani. Amma ko ka rubuto ko kada ka rubuto, gonar ubana sai na shuka ta.

Hansai.

*

Zambiya,
11 ga Mayu, 1974.

Zuwa ga Kawuna Malam Gwadabe, Gafasa.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ladabi da biyayya. Ina fata Kawu yana lafiya da iyali duka. Ni ina lafiya. An tura ni wata mahaƙa can nesa na wani lokaci, sai da na dawo na tarar da wasiƙun Hansai biyu suna jirana. Ina gama karantawa na ɗauki alƙalami.

Kawu, ina roƙo a tara duk wanda ya ji wasiƙar farko ya ji wannan.

Ba zan zo da inji ba. Ba nawa ba ne, kuma ko nawa ne ba ya ɗaukuwa. Girmansa ya fi zauren Kawu da ɗakin kwana a haɗe. Yana cin wutar lantarki da ruwan da Gafasa duka ba ta sha a wata. Abin da na rubuta wa Hansai tsokana ce, irin wadda Kawu ya sha jin muna yi a tsakar gida.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Injin nan ba ya sa jan ƙarfe a cikin dutse. Tsincewa kawai yake yi. In an zuba masa dutsen da ba komai a ciki, haka zai kalle su ɗaya bayan ɗaya ya bar su su wuce bola, ko sau ɗaya iskar ba za ta hura ba. Kafin a kafa shi a nan sai da masana suka yi shekaru suna huda ƙasa suna gwadawa. Kuma ba kowane kore ne jan ƙarfe ba. Ko injin ma laka takan ruɗe shi, shi ya sa nake wuni ina wanke duwatsu ina goge masa ido. Marmarar garinmu na san ta, a kanta na yi rarrafe. Gini ake yi da ita.

Kawu shi ne uba gare ni tunda mahaifiyata ta rasu, ban taɓa ɗaga masa murya ba. Amma wannan karon zan faɗa ko ran Kawu zai ɓaci. Gonar nan ta marainiya ce mai riƙe da marayu. Wanda ya ba da izinin zubawa shi ya kamata ya ba da umarnin kwashewa, tun ruwa bai sauka ba. In akwai mai jin haushi, ni ya ji haushina, ni na yi maganar.

A ce wa Hansai na ji, kuma ba ni da bakin ba ta haƙuri. In abin ya gagara, ta kwashi yara ta tafi Bukuru wurin matata, ɗaki na nan.

Ɗanku,
Barau.

*

Gafasa,
2 ga Yuni, 1974.

Daga Malam Gwadabe zuwa ga ɗansa Barau. Malam Inuwa ne ya rubuta, yadda aka faɗa masa.

Bayan sallama. Muna lafiya. Takardarka ta zo, an karanta a gaban jama'a yadda ka nema, kuma ka kunyata ni yadda ka so.

Barau, ni ba yaro ba ne. Da fari ka ce a tara, yanzu ka ce wasa ne. Me ya faru tsakanin takarda ta farko da ta biyu? Wasiƙu biyu na Hansai, kai da bakinka ka faɗa. Mun gane. Ta rubuta maka cewa gari duka ya shigo, kuka ga rabon zai yi yawa, kuka shirya a kore mutane ku ci ku biyu. Dutsen da ka aiko yana hannuna, na rijiyarmu yana hannuna, idona bai mutu ba tukuna.

Na tsaya a gaban mutanen Gafasa da na Balan na ce ɗan ƙanwata ba ya ƙarya. Yau kana so in koma in ce musu su kwashe guminsu su watsar? Mutanen da yunwa ta ci, abin da ya riƙe su a gari ke nan ba su tafi ci-rani ba. Ba zan faɗa ba.

Ba mai taɓa dutse ko ɗaya sai ka zo da ƙafarka ka dube ni ido da ido. Hansai kuwa a gidana take ci, ba za ta mutu da yunwa ba in ta kama bakinta.

Wassalam.

*

Gafasa,
28 ga Yuli, 1974.

Barau,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya, sai ciwon wuya da ya kama mu mu uku, yanzu za ka ji dalili. Na ji saƙonka na Bukuru, na gode, ka gaishe da matarka. Ba inda za ni.

Gaskiyar taka ta zo, ta ƙara ɓata abin. Ranar da aka karanta ta, matan gari suka daina amsa min gaisuwa a bakin rijiya. Wata ta ce, "Hajiya, a tuna da mu in an tace." Na ja ruwana na tafi.

Bayan kwana kaɗan ruwa ya sauka, ruwa na gaske, irin wanda muka manta kamanninsa. Gari ya waye kowa ya saɓi sungumi ya nufi gonarsa. Ni na je tawa na tsaya. Ƙasa tana ƙamshi, duwatsu sun sha wanka suna ta ƙyalli. Na yi kuka, Barau, ba zan ɓoye maka ba. Da na gama na ce wa Lami ta koma gida ta ɗauko kwanduna uku da gammo.

Na nemi aron jaki gida gida, ba wanda ya ba ni. To, kan mutum ma jaki ne in ta kama. Tunda kowa ya kafa tsummansa a kan tsibinsa, ba a ɓata ba. Na ce wa yaran, amana aka kawo mana, za mu mayar wa kowa kayansa har ƙofar gida. Muka fara da mafi girma, na Bappa.

Kwandon farko na juye shi a ƙofar zaure yana zaune a ciki da mutane. Ya fito ya ce, "Hansai, mene ne wannan?"

Na durƙusa na ce, "Kayanka ne, Bappa. A nan za su fi tsaruwa kafin injin ya zo."

Ya ce, "Kwashe ki mayar."

Na ce, "Bappa, ka yi haƙuri, ba zan mayar ba."

Ya ce, "Ni kike gaya wa haka? Ni da na yanka ragon sunanki?"

Na ce, "Kai ne, Bappa. Gero zan shuka."

Ya nuna ni da sanda ya ce, "In kika ƙara juye kwando ɗaya a nan, kin bar gidan nan, ba ni ba ke."

A daidai lokacin Kadijatu ta iso da nata a ka, ta tsaya tana kallona tana kallonsa. Na miƙe na sauke mata. Na juye.

Kafin azahar an fito mana da tabarmi da tukwane waje. Muka ɗauka muka kai gona. Na kafa bukka a gindin gawon nan na kusurwa, kara da zana, a nan muke har yau. Tana yoyo ta gefe ɗaya, mun koyi kwanciya ta ɗaya gefen.

Daga nan jida muka yi ta yi, safe da yamma. Duk inda muka buɗe sai mu shuka a take, mu matsa gaba. Wasu da suka ga tsibi a ƙofarsu sun zage ni, wasu kunya ta kama su suka zo suka kwashi sauran da kansu. Na mutanen Balan ba yadda zan yi da su, suna nan. Gashin Lami ya zube a tsakiyar kai saboda gammo. Lokacin shuka ya ƙure mana ban kai ga rabi da kwata ba, sai na bar sauran. Abin da muka shuka da wuri ya kai ƙugu, na baya yana gwiwa. Ba zai kai mu wata daminar ba, na sani, amma zai kai mu nesa, kuma namu ne.

Kada ka zo bana. In ka sauka ba inji a kanka, duwatsun nan a kusa suke da hannun kowa. Kada kuma ka sake rubuta wa Bappa, ka bar shi. Nasa tsibin yana nan a ƙofar zaure, ya sa an lulluɓe shi da zana don kada ruwa ya ɓata. Da yamma yana zama kusa da shi. In na hango shi sai haushin ya tafi, tausayi ya zo, sai in tuna daren farko a bukka da yara, haushin ya dawo.

Hanyar gonarsa ta gefen tawa ta bi, ba shi da wata. Kullum da safe in ya zo wucewa sai in ɗago daga cikin gero in ce, "Ina kwana, Bappa," da ƙarfi yadda na nesa ma za su ji. Ba ya amsawa. Jiya ya tsaya. Ya daɗe yana kallon geron, har ya kai hannu ya taɓa ganye ɗaya. Na ce, "Ina kwana, Bappa." Ya saki ganyen ya wuce.

Gobe ma zan gaishe shi.

Uwargijiyarka,
Hansai.